Yadda ake auna filin golf ba tare da sunan mai shi ya rufe maka ido ba

Duk ranar da muka zauna bayan wasa aka ɗauko hirar Turnberry, wato filin nan na gaɓar tekun Scotland da Donald Trump ya saya a 2014, sai majalisa ta tsage biyu. Wani zai ce ai filin banza ne, wani ya ce babu kamarsa a duniya, kuma in ka bi diddigi duk su biyun ba wanda ya taɓa zama ya kalli rami ɗaya (a golf rami na nufin duk hanyar daga inda ake fara bugu har inda ƙwallo ke faɗawa), mutumin kawai suke yi wa hukunci. Sababbin shiga sun fi faɗawa wannan tarkon. Ga yadda nake yi.

Da farko ka nemo wanda ya zana filin. Mai kuɗi saye yake yi, zane aikin wasu ne. Filin Ailsa, wato babban filin Turnberry, an mayar da shi filin jiragen yaƙi lokacin yaƙin duniya, har kwalta aka shimfiɗa a kai, Mackenzie Ross ne ya sake gina shi aka buɗe a 1951. An buga gasar Open, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf na duniya, a can sau 4, a 1977 da 1986 da 1994 da 2009, duk kafin Trump ya sa hannu a takardar saye. To kaga wanda ya ce filin banza ne don yana jin haushin mai shi, da Ross yake faɗa bai sani ba. Gyaran da aka yi bayan sayen kuma Martin Ebert ne ya yi, aka sake buɗewa a 2016.

Na biyu, cire kayan ado. Otel, fitilu, ƙaton tuta, ciyawa kore shar kamar an shafa fenti, duk wannan kuɗi ne, kuma kuɗi ba ya nuna gwanintar mai zane. Mu da muka fara koyo a arewa a kan girin (wato shimfiɗar da ke kewaye da inda ƙwallo ke faɗawa) na yashi da aka kwaɓa da mai, ciyawa ta fi saurin ruɗar mu, da mun ga kore sai mu ce fili ya haɗu. Dabarata ita ce in buɗe Google Earth in kalli filin daga sama, kyauta ne sai kuɗin data, wanda ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba tunda kuɗin shiga Ailsa a lokacin da aka fi cunkoso ya kai fam 1,000 a 2025 ga wanda bai sauka a otel ɗin ba. Daga sama za ka ga ko ramukan suna juya fuska ko duk gefe ɗaya suke kallo. A bakin teku iska ce rabin wasan, in ramuka 18 duk suka miƙe layi ɗaya to iska ɗaya za ka yi ta fama da ita har ka gaji.

Na uku, ɗauki rami ɗaya tak ka tambayi kanka, zaɓi nawa ya ba ni? Ni a wurina ramin da hanya ɗaya ce kawai ta buga shi bai ci sunansa ba, ko da kuwa hotonsa ya kai a rataye a falo. Duba rami na 9 a Ailsa. Da can ramin bugu huɗu ne, wato wanda ake sa ran gwani ya gama da bugu huɗu, tsakiyar hanyar a tudu kamar doron raƙumi, ka buga ƙwallo mai kyau ta gangara gefe ba laifinka. Ebert ya mayar da shi ramin bugu uku da ake tsallake teku da duwatsu zuwa wajen hasumiyar fitilar jiragen ruwa. A ganina gyaran ya yi, amma lura, abin da za ka auna shi ne ko an bar wa mai ƙaramin ƙarfi wurin da zai ajiye ƙwallo lafiya in ba zai iya tsallakewa ba, hasumiyar ba ta cikin lissafi, tun 1873 take nan.

Sai mataki na huɗu, kuma nan ne ni kaina na sha ƙasa, shi ya sa zan daɗe a kai. Na ɗauka raba fili da mai shi yana nufin ka rufe ido daga duk abin da mai shi ya yi. Haka na zauna wata rana ina ta yabon wani filin Trump na kusa da Aberdeen a Scotland, wanda Martin Hawtree ya zana aka buɗe a 2012, ina cewa ku bar siyasa ku kalli tsaunukan yashin nan yadda hanya ke ratsa tsakaninsu. Wani dattijo da muke wasa tare ya bar ni na gama tsaf, ya ajiye kofin shayinsa, ya ce ɗana, yashin nan da kake yabo da tafiya yake yi, yanzu wa ya ɗaure shi? Shiru na yi don ban san zancen ba. Ashe wani ɓangare na wurin yana cikin jerin wuraren da hukuma ke karewa saboda yashin da iska ke matsar da shi a hankali, kwamitin ƙaramar hukuma ya ƙi amincewa da aikin a 2007, gwamnatin Scotland ta karɓe maganar ta amince a 2008, aka dasa ciyawa aka kafe yashin don a samu hanyar ƙwallo, a 2020 kuma hukumar kula da muhalli ta cire wa wannan ɓangaren matsayinsa na kariya. Wannan ba maganar zaɓen Amurka ba ce, zanen ne da kansa, domin inda aka zaɓa a ratsa da ramuka shi ya jawo haka. Tun daga ranar nake raba takarda gida biyu. Abin da mai fili ya faɗa a talabijin ko ya yi a ofis, gefe guda, ba ya shiga maki. Abin da ya sa aka yi wa ƙasar kanta, wannan dole ya shiga, ko kana son mutumin ko ba ka so.

Kar kuma ka ɗauki hukuncin masu shirya gasa a matsayin maki. A Janairun 2021 hukumar R&A mai shirya gasar Open ta ce ba za ta kai Open Turnberry ba a nan kusa, dalilinta shi ne hankali zai bar wasan ya koma kan wani abu daban, ba ta ce ramukan sun lalace ba. A watan ne kuma aka ɗauke gasar PGA ta 2022, wata babbar gasa, daga filin Trump na Bedminster a Amurka, daga baya aka kai ta filin Southern Hills. Yara da yawa suna kawo min wannan a matsayin hujja, ba hujjar zane ba ce.

Sauran da sauri. Nemi tsohon bidiyon gasa ka ga yadda ƙwallo ke yi in ta sauka, na Open ɗin 2009 a Turnberry ya isa, Tom Watson yana da shekara 59 ya zo rami na ƙarshe, bugunsa na biyu ya sauka a girin ya gangara ta baya, daga nan kofi ya suɓuce Stewart Cink ya ɗauka. Ƙasa mai tauri haka nake so. Duba nisan da ke tsakanin girin da inda za ka fara ramin gaba, in sai an hau mota to na rage maki. Sannan ka rubuta makinka a takarda kafin ka shiga majalisa, don in ka shiga aka fara musu sai ka ga ka canja.