Idan Birkin Motar Gudu Ya Riƙe Taya: Kurakuran da Aka Fi Yi

Ka fito da motarka mai ƙofa biyu bayan ta yi wata biyu a rufe, ba ka yi nisa ba sai ka ji sitiyari na fizgarka gefe ɗaya, ga ƙauri kamar an ƙona roba. Ka sauka ka kai hannu kusa da taya, zafi kamar bakin murhu. Birki ne ya riƙe. Motocin gudu irin su Mustang, Camaro da Nissan 350Z sun fi fama da wannan, domin ajiye su ake yi fiye da hawa. Waɗanda suka fito daga arewacin Amurka da Kanada kuma sun sha gishirin da ake barbaɗa wa titi lokacin ƙanƙara, da tsatsarsu suke isowa.

Abin da mutane ke fara yi a bakin titi shi ne kwara wa faifan birki ruwa. Kada ka yi. Ƙarfen da ya ɗauki zafi idan ya gamu da ruwan sanyi yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, daga nan duk sanda ka taka birki sai feda ta riƙa karkarwa. Ka faka, ka bar shi ya huce da kansa.

Babban kuskuren kuwa a gareji ake yinsa: bakanike ya taɓa taya ya ji zafi, sai ya ce kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ta mutu, a sayo sabuwa. A sa sabuwa mai tsada, bayan kwana biyu taya ta sake riƙewa. Dalili shi ne ba kullum laifin kalifa ba ne. Tiyon roba da ke kai mata mai yana ruɓewa ta ciki, daga waje kuwa sumul. Idan ka taka birki mai ya wuce da ƙarfi, idan ka saki sai ya rasa hanyar komawa. Gwajin bai wuce minti biyar ba. A ɗaga motar da jak a tokare ta, a taka birki sau uku ko huɗu a saki, a gwada juya tayar da hannu. Idan ta cije, a sassauta ɗan notin jikin kalifa da ake fitar da iska ta cikinsa. Mai ya yi tsartuwa taya ta sake nan take? To matsin mai ne ya maƙale, a koma kan tiyo. Idan kuma tayoyi biyu ko duka huɗu ne ke riƙewa tare, masta ake tuhuma, wato famfon da ke tura man birki idan an taka feda, ko kuma feda ce ba ta komawa mazauninta. Sai idan an buɗe notin taya ta ƙi sakewa sannan ake cewa matsalar tana jikin kalifa.

A nan ma akwai bambancin da ake mantawa. Kalifa iri biyu ce. Akwai mai zamewa a kan fil guda biyu, fistan ɗinta, wato ƙarfen da mai ke turawa ya danna fad ɗin birki a jikin faifai, yana gefe ɗaya. Akwai kuma kafaffiya irin ta kamfanin Brembo, mai fistan huɗu ko shida suna fuskantar juna, wadda ba ta da fil ɗin zamewa sam. A mai zamewa, fil ne ke yawan bushewa, musamman idan robar da ke rufe shi ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina suka shiga. Fad ɗin birki zai ba ka labari: idan ya cinye a karkace, gefe ɗaya siriri ɗaya da kauri, fil ɗaya ne ya ƙame. A kafaffiya kuwa fistan ɗaya kan maƙale a bar sauran suna aiki, ko datti ya cika wurin zaman fad ɗin.

Sai maganar giris, wadda ita ta fi ba ni haushi. An wanke fil tas, sai yaron gareji ya lakato baƙin giris ɗin da ake sa wa boris ya shafa. Wannan giris daga ɗanyen mai aka yi shi, robobin birki kuma ba sa shiri da shi, kumbura suke yi su shaƙe fil ɗin fiye da da. Giris na silikon wanda aka yi don birki shi ake sawa. Haka fetur ko kananzir, kada su taɓa robar fistan, domin wannan zoben roba da ke cikin kalifa shi ne ke ɗan janye fistan baya idan ka saki feda. Fistan da tsatsa ta yi wa ramuka kuma ba a goge shi da sanfefa a mayar, canza shi ake yi tare da robobinsa.

Kalifar baya tana da nata tarkon. A yawancin Mustang, birkin hannu a cikinta yake, don haka murɗa fistan ake yi yana shiga, ba dannawa da ƙarfi ba. Wanda ya matse shi da ƙarfe ya lalata abin da ke ciki. A 350Z kuwa birkin hannu daban yake a cikin faifai, fistan ɗin dannawa kawai yake so. Ka san wadda ke gabanka kafin ka sa hannu. Kuma kada a bar kalifa tana reto a jikin tiyo, a ɗaure ta da waya.

Man birki yana shan danshin iska, ruwan nan shi ke haifar da tsatsa a bayan fistan. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Salsiyas, amma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Birkin da ya riƙe ya riga ya dafa man, saboda haka a zubar da shi duka a sa sabo daga rufaffiyar kwalba. Kada a haɗa da DOT 5, shi na silikon ne. A kalifar Brembo notin fitar da iska biyu ne, ciki da waje, sau da yawa ɗaya ake buɗewa a bar feda tana nutsewa.

Fad ɗin da ya ƙone a canza shi hagu da dama tare. Kafin ka motsa motar, ka taka feda har ta yi tauri. Ka yi tafiyar kilomita biyar ba tare da yawan birki ba, ka sauka ka kusantar da hannu ga tayoyin biyu, ɗuminsu ya zama ɗaya.