Yadda Za Ka Gane Tambayar da Ba Ta Aiki a Gwajin Basira

Kafin ka amince da makin da gwajinka ya bayar, sai ka fara auna tambayoyin su kansu. Biro da takarda sun isa.

1. Ba da gwajin ga irin mutanen da aka tsara shi dominsu. In na 'yan firamare ne, kada ka kai wa ɗaliban jami'a.

2. Yi maki, ka jera takardun daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta.

3. Ware kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa, kamar yadda Truman Kelley, wani masanin gwaje-gwajen ilimi, ya ba da shawara a 1939. Na tsakiya ka ajiye su gefe.

4. Ɗauki tambaya guda ka ƙirga waɗanda suka ci ta a kowane rukuni. A ce mutum 100 suka zauna, wato kowane rukuni na da mutum 27, sai 24 na sama suka ci, 9 na ƙasa suka ci. Cire 9 daga 24, ka raba 15 ɗin da 27, za ka samu kusan 0.56.

5. Daga 0.40 zuwa sama, tambayar tana bambance mai ƙoƙari da mai rauni sosai. Ƙasa da 0.20 kuwa tana buƙatar gyara.

6. In na ƙasa suka fi na sama cin tambayar, tsaya a nan, domin wannan ya fi komai damuna. Fara duba takardar amsoshinka, wataƙila a can aka yi kuskure. In babu, karanta tambayar da ƙarfi. Sau da yawa wata kalma ce mai harshen damo ta rikita masu zurfin tunani, alhali masu cinke suka dace. Sake rubuta ta, ka gwada a kan wasu mutanen daban.