Yadda za ka zaɓi katin memorin kyamara kafin ka zuba jari

Idan kana shirin sarin katin memori don sayar wa masu ɗaukar hoto a Katsina, kada yawan gigabait ya ruɗe ka. Fara da wannan tambayar: kyamarori nawa ne ke karɓar katin?

An sha yin asara a nan. Sony ya fito da katin Memory Stick a 1998, Olympus da Fujifilm suka fito da katin xD a 2002, amma kusan kyamarorin gidansu kaɗai ke amfani da su. Yau duk wanda ya tara su a shago sai dai ya riƙa kakkaɓe musu ƙura. Katin SD kuwa, wanda SanDisk da Panasonic da Toshiba suka haɗa kai suka fitar a 1999, kamfanoni da yawa ne suka rungume shi. Can ya kamata kaso mafi tsoka na jarinka ya tafi.

Na biyu, ka fita ka ga abin da ke wuyan mutane. Ranar hawan Sallah ka tsaya wajen Ƙofar Soro, wato ƙofar fadar Sarkin Katsina, ka ce wa mai hoto: "Maigida, wane kati kyamararka take ci?" Wasu tsofaffin manyan Canon da Nikon CompactFlash suke ci. CFexpress na sababbin manyan kyamarori ne, kuma yana da tsada. Ni dai ba na ajiye shi sai wanda ya ba da kafin alƙalami. Ka kuma tuna, katin SD iri-iri ne: kyamarar da ta tsaya a nau'in SDHC ba ta wuce gigabait 32, ba za ta karanta SDXC, wato nau'in da ya fi haka girma, ba.

Sai sauri. Alamar V30 na nufin katin ba ya gaza rubuta megabait 30 a daƙiƙa. Mai bidiyon biki ita yake fara dubawa, don ba a maimaita ɗaurin aure.

Na ƙarshe, jabu. Na taɓa saro kwali guda a wurin wani dila, an rubuta gigabait 64 ɓaro-ɓaro, ashe cikinsu bai kai 8 ba. Wani yaro ya dawo mini da ɗaya yana huci, hotunan kamun amarya sun salwanta. Tun daga ranar, kafin in biya sai na zare kati biyu daga tsakiyar kwalin, in gwada su a kwamfuta da manhajar H2testw mai gano ainihin girman kati, dila na zaune yana kallo.