Dogon Turanci ma suna ya tara: yadda za ka bambance kalmomin yawan magana

Ƙannena masu shirin JAMB da WAEC a nan Gombe, ko a Pantami kake lesin ko a Tudun Wada, akwai wasu kalmomi da suke yawan cin makinku a tambayoyin ma'ana da kishiya, wato waɗanda Turawa ke siffanta yawan magana da su. Haddar su a jere ba ta fisshe ka, sai ka san inda kowacce take zama.

Toh kafin ka zaɓi amsa ka fara duba jimlar, mutum ake nufi ko rubutu? In mutum ne ga talkative, ga loquacious, ga garrulous. Talkative mai yawan magana ne kawai, ba zagi ba ne. Loquacious ta fito daga kalmar Latin loqui, wato yin magana, mai zuba kenan wanda bakinsa ba ya gajiya, kuma an fi ganin ta a littafi. Garrulous kam akwai ɗan raini a ciki, shi ne mutumin da za ku shiga mota tare zuwa Bauchi, kun wuce Alkaleri har yanzu yana kan labarin akuyarsa da ta ɓata da wanda ya gan ta da abin da maƙwabcinsa ya ce, kai kuma ba ka tambaye shi ba. Dan Allah kar ka kira malaminka garrulous da nufin yabo.

In rubutu ne ko jawabi sai wordy da verbose da prolix. Verbose daga verbum take, wato kalma, an zuba kalmomi fiye da buƙata. Prolix ta fi nauyi, rubutun ya yi tsawo har ya gundiri mai karatu. Long-winded tana hawa kan mutum tana hawa kan jawabi, kamar mai jawabin godiya da ya ce minti 2 zai yi ya cinye 20. A kula, verbiage da circumlocution suna ne ba siffa ba, ba a cewa he is verbiage. Circumlocution ita ce kewaye-kewaye, a ƙi zuwa kan magana kai tsaye.

Wadda ta fi damuna wallahi ita ce redundancy, don ita ce a bakinmu kullum. Direba ya reverse back, an ce ka return back, ka repeat again, ka je ATM machine alhali harafin M ɗin nan machine yake nufi. Duk maimaici ne, cire ta biyun jimlarka ta tsaya daidai. Faɗin abu ɗaya sau biyu da kalmomi daban kuma shi ake kira tautology.

Kishiyoyin kalmomin yawan magana su ne concise da succinct, yabo ne, an taƙaita kuma an gamsar. Terse gajarta ce mai ɗan ɗaure fuska. Laconic kuwa daga Lakoniya ne, yankin Sparta a ƙasar Girka, mutanen da aka sani da ƙarancin magana.

Sai gwaji. Ɗauko jan biro da wasiƙar da ka rubuta a aji, duk inda ka ga due to the fact that ka soke ka sa because, at this point in time ya koma now, in order to ya koma to. WAEC kalmomi wajen 450 take nema a insha'i, kuma a sashen summary ana rage maki in ka cusa abin da ba a tambaya ba, don haka ka riƙa ƙirga kalmominka kafin gyara da bayan gyara, ka ba abokinka ya karanta ya faɗa maka ko akwai ma'anar da ta ɓace.