Yadda za ka rage tumbi ba tare da ka kwana da yunwa ba

Mu teloli mun riga likita sanin wanda tumbinsa ke girma. Alhaji zai kawo shadda, in buɗe littafin awo, in ga wandon bana ya fi na bara faɗi, shi kuwa yana murmushi wai hutu ne. To, kitsen nan da ke taruwa kewaye da hanji da hanta shi ke share wa ciwon sukari da hawan jini hanya, ko da hannuwa da ƙafafun mutum sirara ne.

Fara da awo. Yanki zare daidai tsawonka, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. Kada ka shanye ciki, na san halinmu. In bakin zaren bai haɗu ba, akwai aiki. Mai tef kuma ya sani, daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, haɗarin ke farawa.

Sai ka dubi abin da kake sha kafin abin da kake ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin babban mutum ya wuce kamar giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, rabin haka ma ya fi. Gwangwanin Coca-Cola guda yana da wajen giram 35. Ƙara shayin safe da madarar gwangwani, da zoɓon ƙulli, da shayin majalisa zagaye uku, ka yi lissafin da kanka. Sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa, kuma hanta na mayar da rararsa kitse. Rage rabi wannan makon, harshe zai saba. Fura ba ta da laifi, sukarin da ake antaya mata ne matsala.

Kada ka daina cin abinci, sauya shi za ka yi. Farar shinkafa, taliya da burodi an raba su da dusa, shi ya sa suke narkewa nan da nan, yunwa ta dawo. Gero da dawa da ba a surfe su fes ba sun fi riƙe ciki. In shinkafar ce dole, wake ya kai rabi. Zogale kuwa ga shi nan ana kawowa daga Jiratawa, wani gari kusa da Maraɗi: kwaɗo da ƙuli, tumatir da albasa ya cinye rabin kwano, tuwo ya samu gefe. Fanke, ƙosai da soyayyar awara su zama na marmari. Uwargida, a riƙa auna man miya da cokali, ban da tuttulawa daga kwalba.

Tafiyar da ba ta kai a hau kabu-kabu ba, a taka da ƙafa, minti 30 a yini. A sake awon bayan wata guda. Amma in ciki ya kumbura da sauri, ƙafafu ma suka kumbura, wannan ba teɓa ba ce, a nufi asibiti.