Darasi na 7: Kula da Filafilin Kwale-kwalen Roba

Kwale-kwalen roba shi ne wanda ake hura wa iska da fanfo. Ba shi da nauyi, don haka iska kaɗan ta isa ta kora shi nesa da gaɓa. Ko da akwai inji a bayansa, ranar da injin ya mutu a tsakiyar ruwa, filafili ne zai dawo da kai. Abin yana damuna in na ga mutum yana lallaɓa injinsa, filafilinsa kuwa na yashe a rana.

Yawancin filafilan irin wannan jirgi sandarsu ta alminiyum ce, bakinsu kuma na roba mai tauri. Sandar kashi biyu ce, ana zura ɗaya cikin ɗaya, wani ɗan maɓalli ya riƙe su. Daga wannan mahaɗa ɓarna take farawa. Yashi ya shiga, ruwan gishiri ya bushe a ciki, sai ka ga wani farin gari ya fito. Gishiri ne yake cin alminiyum ɗin. In aka bar shi wata da watanni, sandunan sai su cije, ko mutum biyu suka ja ba za su rabu ba.

Saboda haka, duk ranar da ka fito daga ruwa, raba sandunan. Ɗauraye su da ruwan daɗi, ciki da waje. Danna maɓallin sau uku ko huɗu don yashin ya fita. Jingine su a inuwa, bakin ramin yana kallon ƙasa, har su tsane. In mahaɗar tana tauri, shafa mata man silikon kaɗan. Kada ka sa baƙin mai ko giris, domin suna lalata robar jirgin in suka taɓa ta.

Sai mazaunin filafili, wato inda yake juyawa a gefen jirgi. Da gam aka manna shi, kuma duk ƙarfin da ka sa wajen tuƙi a kansa yake sauka. Bi gefensa da yatsa. In ka ji ya fara ɗagowa, kada ka ce sai gobe. Wanke wurin, bar shi ya bushe sarai, goge shi da samfefa a hankali, sannan ka sa gam. Amma fa ka fara sanin irin robar jirginka. Akwai PVC, akwai Hypalon, kowacce da gam ɗinta, na wannan ba ya kama waccan da kyau. Bayan ka manna, ba shi aƙalla awa 24 kafin ya shiga ruwa.

Jirgin da bai sha iska sosai ba yana wahalar da mazaunin, domin gefensa yana lotsawa duk jan da ka yi. Bi adadin iskar da aka rubuta a jikinsa.

Rana tana busar da bakin filafili har ya tsage. Lanƙwasa shi kaɗan da hannu, in ka ga tsaga, canza shi. Kada kuma ka riƙa tokare dutse da shi.

Aikin yi: Ɗauko filafilinka ka raba shi biyu. Rubuta a littafinka abin da ka gani a cikin mahaɗar, sannan ka karanta wa na kusa da kai.