Yadda za ka buɗe gidan kallon ƙwallo a Jos kafin gasar Afirka

Ƙanena da ka gama karatu kana zaman jiran aiki, da kai nake. Tun karayar tattalin arzikin 2016, da wadda ta biyo baya a 2020, aikin albashi ya yi wuya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta sauya ma'auni, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ta sa shi cikin masu aiki, sai adadin ya dawo kusan kashi 4. Amma duk wanda ya ratsa Gangare ko Anguwan Rogo da hantsi ya ga samarin da ke kan benci. Gidan kallo na riƙe na tsawon shekaru a garin nan, kuma sana'a ce da ke ciyar da mutum idan ya iya lissafi.

Fara da lissafin, tun kafin ka sayi ƙusa ɗaya. A gasar cin kofin Afirka, wasa uku kacal Super Eagles ke da tabbacin bugawa, na rukuni. Idan ta kai ƙarshe, bakwai. Ƙungiyar tana da ƙarfi, ba na musu: Victor Osimhen ne gwarzon Afirka na 2023, Ademola Lookman na 2024, kuma a Fabrairun 2024 sai a wasan ƙarshe Kwaddibuwa ta doke mu 2-1 a Abidjan. To amma ka tuna Janairun 2022 a Garwa ta ƙasar Kamaru. Mun cinye wasannin rukuni duka uku, gari ya ɗauka kofi ya zo, Tunisiya ta fitar da mu da ci ɗaya a zagayen 'yan 16. Washegari benci ya zama fayau a gidajen kallo. Bayan mun ci kofin 2013 ma ko zuwa gasar 2015 da ta 2017 ba mu yi ba. Don ganin hadari ba a zubar da ruwan tulu. Saboda haka kada ka ci bashin da sai Najeriya ta kai wasan kusa da na ƙarshe za ka iya biya. Gina lissafinka kan wasa uku, abin da ya ƙaru riba ce.

Kuɗin shiga kuwa daga mai ake fitar da shi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, janareta ne ke cin kaso mafi tsoka. Cika tanki, kunna shi da talabijin da dikoda da fitilu har awa biyu da rabi, ka ga lita nawa ya sha. Haɗa da kason kuɗin DStv na wata da na haya, ka raba da rabin kujerunka, ba duka ba. Abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin abin da za ka karɓa a ƙofa. Ko da akwai wuta, bar janaretan a shirye da yaro kusa da shi. Hoto ya ɗauke ana shirin bugun fanareti, wallahi wasu ba za su sake taka ƙofarka ba.

Katako da kwano, je kasuwar Katako ka yi ciniki da kanka. A jera benci hawa-hawa, na baya ya fi na gaba tudu. Talabijin biyu matsakaita sun fi babba guda ɗaya, domin ranar ƙarshen rukuni ana buga wasa biyu lokaci guda. Ka kuma yi la'akari da yanayin Jos: a Disamba da Janairu sanyi ne, sai ka toshe kafofin iska da buhu ko tabarma, da damina ruwa ne mai yanke hoto, don haka a ɗaure kwanon tauraron ɗan'adam da kyau a jikin bango, ba a kan rufi mai girgiza ba.

Kafin ka buɗe, je ka gaida mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, ka sanar da 'yan sintiri. Idan aka kira salla a rage sauti. Ƙofa ta zama biyu, a riƙa duba masu shiga, kada a bar mota ko jaka a bakin rumfa. Mu da muka ga Mayun 2014, daren da bam ya tashi kusa da wani gidan kallo a garin nan ana wasan ƙarshe na zakarun Turai, ba ma wasa da wannan. Caca kuma hana ta tun ranar farko, ita ce uwar faɗa.

Ba wa mai shayi gefe ya riƙa biyanka, ka ja soket na cajin waya. Gasar wata ɗaya ce, don haka tun ana cikinta rubuta jadawalin Firimiya da na zakarun Turai a allo da alli a bakin ƙofa. Masoyan Arsenal da Chelsea da Barcelona ne za su biya maka haya daga Agusta zuwa Mayu.